Biyu da Ɗigo Takwas

Ƙarfe biyun dare a Oruro,
sanyin tsauni na shigowa ta ƙasan ƙofa.
Daga ni sai na'ura, sai shayin da ya huce.
Ta tofo takarda:
biyu da ɗigo takwas.
Nayra Condori, shekara shida, gado na tara.
Na sa hannu, na aika sama.

Kafin gari ya waye Dokta Ticona ya ambaci wankin ƙoda,
ya ambaci mota zuwa La Paz.
Uwar, Eulogia, mai tsintar kuza a bakin rami,
ta cire hula ta rungume a ƙirji
tana lissafin abin sayarwa.

Ba na hawa bene, hulɗata da kwalabe ce.
Ranar dai na hau.
Ga yarinya zaune da burodi a baki,
tana rigima a kan safa,
fo ɗinta cike da fitsari garau.
Ƙodar da ta gaza ba ta aiki haka.

Na bi igiyar ƙarin ruwa da ido,
daga leda har damtsenta.
"Ta ina aka ɗebi jinin?"
"Ta nan. Ta sha kuka, muka ƙi sake huda ta."
Ta nan ɗin kuwa magani ya bi,
ko minti goma ba a yi ba.

Na'urata ba ta san ƙoda ba,
launi take karantawa.
In ruwan ɗorawa ya rine ya yi ja,
sai ta ce kiriyatinin ne.
Maganin nan ma haka yake rini.
Kama da wane ba ta wane,
amma wa zai gaya wa ƙarfe?

Muka jira, muka huda ɗaya hannun.
Nayra ta gantsara mini cizo.
Na bi wata hanyar gwajin,
wadda maganin ba ya ruɗawa:
sifiri da ɗigo huɗu.

Eulogia ba ta yi guɗa ba.
Ta jera takardun biyu a cinya,
kowacce da sa hannuna,
ta ce, "To, wacce ce 'yata?"
Na nuna mata gado na tara.

Ashe tun da duhu ta yi waya ƙauye,
tumaki uku sun riga sun tafi kasuwa.
Wannan ba ni da gwajin da zai mayar.

Shatin haƙoran ya kwana huɗu a bayan hannuna,
hannun da nake sa hannu da shi.