Tamanin Cikin Ɗari

Dutsen da babana ya fasa da rana
ni nake karɓarsa da dare,
ya zama gari, ya fi na shinkafa laushi,
buhu kan buhu daga Luc Yen a bayan tirela.

Tamanin cikin ɗari dutse ne,
ragowar ashirin roba ce da ɗan maiƙo.
Haka takarda ta ce, haka Khoa ke zubawa,
ƙyalle ɗaure a hanci, gira fari fat,
kamar wanda tsufa ya riska a dare ɗaya.

Dutse ba ya son roba, roba ba ta son dutse.
Sai an shafe kowace ƙwayar gari da kitse
a tukunyar da ke juyi har ta ɗau zafi,
sannan su yarda su bi hanya ɗaya.
In kuwa gari ya sha damshin tafki, mun shiga uku:
ruwa ba ya ɓuya a wuta.
Zai fito kumfa-kumfa a jikin zare,
zaren ya tsinke kafin ya kai bakin wuƙa.

Cikin injin akwai murɗaɗɗun ƙarafa biyu
suna tuƙa wannan tuwo mai tauri.
Su suna niƙa, shi yana ci musu jiki,
wata shida, haƙoransu sun zama dasashi.
Khoa ba ya duban allo.
Daga nishin inji yake sanin nauyin kwaɓi.

Nawa aikin ɗan kaɗan ne.
In ɗebi ƙwaya, in jefa a kofin ruwa:
roba zalla takan yi iyo,
tamu sai ta nutse, tsulum, kamar tsakuwa.
In auna giram biyar a ɗan kasko,
in sa a tanda, in jira.
Roba ta tashi hayaƙi ta tafi abinta,
dutse ya zauna.
Sikeli bai taɓa jin kunyar kowa ba.

Ranar Laraba manaja Dam ya sauko,
takalminsa kaɗai ne baƙi a duk masana'antar.
Ya ce roba ta yi tsada, dutse kuwa ga shi a bayan gida,
a ƙara biyar.
Khoa ya dube ni. Na dubi kasko.
Daren nan sau tara zare ya tsinke,
injin yana gurnani kamar ɓauna a taɓo.
Da asuba na rubuta tamanin da biyar
da hannuna, ban rage ba, ban ƙara ba.

Abin da gari ke bayarwa, na sani:
tauri, nauyi, sauƙin kuɗi,
da jikin da ba ya motsewa in ya huce.
Abin da yake ƙwacewa ma na sani.
Roba takan lanƙwasa ta ba da haƙuri,
dutse bai iya ba.

Da sabuwar shekara na koma gida.
Inna ta sayo kujerun tsugunno shida, jajaye,
masu nauyi, ta ce, alamar ƙarko ke nan.
Baba ya zauna, kofin shayi a hannu,
tarinsa ya taso, wanda ya kwaso a ramin dutse,
jikinsa ya girgiza sau ɗaya,
ƙafar kujera ta ce ƙas.

Ba ta lanƙwasa ba.
Muka ɗaga shi, yana dariya, shayi a wando.
Ya ɗauki guntun, ya juya shi a hasken ƙofa:
ja a waje, bakin karayar kamar alli.
Ya kankara da farce, ya ɗora a harshe.

«Nhan,» ya ce, «wannan na gefen gabas ne.
Ni na yanko shi.»

Ta taga ana hango dutsen,
kafaɗarsa ɗaya babu.