Koriyar Ƙofa a Bayan Kasuwar Kifi

Graciete ce ta rubuta adireshin
a bayan takardar kuɗin wuta,
ta danne shi da gwangwanin gishiri,
ta saɓi ɗanta, ta fita, ba ta ce uffan ba.
Kwana tara takardar tana harara ta.
Ran na goma na cusa ta a aljihu.

Matosinhos garina ne, na san shi kamar yunwar cikina.
Shekara talatin ina sauke kifi a bakin ruwa,
na san kowace mashaya da sunan karenta,
na san inda ake ba da bashi da inda ake kora.
Amma wannan lungu ban taɓa bin sa ido biyu ba.

Lamba goma sha bakwai. Koriyar ƙofa, fenti na ɓarewa.
Na wuce ta. Na kai ƙarshen layi, na juyo.
Na sake wucewa ina duba agogo
kamar mai jiran wani.
Tsuntsayen teku na rigima a kan hanjin kifi,
hannuna na rawa a aljihu,
maƙogwarona na yi min kwatance:
taku ɗari biyu, ka karya hagu, Hermínio,
kofi ɗaya kacal, don ka samu ƙarfin shiga.

A zagaye na uku aka buɗe.
Wa zan gani? Albertino.
Albertino da ya shekara ashirin yana cika min kofi,
mai rubuta bashina da alli a jikin ganga.
Na ce, kai ma?
Ya ce, shekara shida da wata huɗu.
Ka zaci tsufa ne ya sa na sayar da shagon?
Hau. Ka kula, matakala ta bakwai ta rube.

A sama, kujerun roba goma sha biyu,
butar gahawa da ta ƙone tun la'asar,
taga ɗaya tana kallon injinan ɗaga kaya.
Ga malamar da ta koya wa 'yata lissafi,
ga wani yaro da hular kwano a cinya,
ga mai cire haƙori, an goge masa kwat tsaf.
Ba wanda ya tambayi sunan ubana.

Idalina, malamar, ta ce ita a injin wanki take ɓoye tata,
ƙarƙashin zannuwan gado.
Dariya ta kuɓuce min, ni kaɗai,
don tawa tana cikin takalmin ruwa, ƙafar hagu.
Na rufe baki don kunya.
Sai ɗakin duka ya ɗauka.
Ashe mai ɗaki ya san inda yake yoyo,
kuma mu duk rufinmu ɗaya.

Da layi ya zo kaina na ce, sunana Hermínio.
Sauran ya maƙale kamar ƙayar kifi.
Suka jira.
Ba wa'azi, ba wanda ya dubi agogo.
Yaron nan ya turo min biskit a kan murfin gwangwani.
Idalina ta ce, ya isa na yau, sunan ma kaya ne.

Da za mu watse Albertino ya karɓi takardar,
ya rubuta lambarsa ƙarƙashin rubutun 'yata.
Ya ce, ko ƙarfe uku na dare ne.
Na daɗe ina zuba maka,
bari in gwada ɗaya aikin.

Na koma gida ta doguwar hanya, ta gefen gada,
don kar ƙafa ta tuna hagu.
Ba zan yi ƙarya ba:
kwalbar tana nan a takalmi, ban zubar ba,
ban kuma taɓa ta ba, daren nan dai.
Na kira Graciete, na ce na je.
Shiru ya yi tsawo har na zaci layi ya yanke.
Can ta ce, Baba, ka ci abinci?
Na ce biskit.
Ta ce, yaushe za ka koma?
Na ce Alhamis, ƙarfe bakwai.