Jan Fil, Koren Fil

A Oslo, hawa na huɗu, tagarmu ba ta kallon ruwa.
Taswira ce ta cinye bango,
koguna ɗari uku kwance a kai
kamar jijiyoyin bayan hannun tsohuwa.
Aikina in ba kowanne maki:
wuta nawa zai bayar, kuɗi nawa zai lashe,
kifi nawa ke hawansa in ƙanƙara ta narke.
Jan fil, a datse shi.
Koren fil, a ƙyale shi ya tafi abinsa.

Lomra ne na arba'in da bakwai.
Ban gaya wa kowa ba
cewa a bakinsa aka yanke mini cibiya,
cewa mutanen kwarinmu ko a coci da ƙarfi suke magana,
don rugugin ruwa ya saba musu da ɗaga murya.

Eilif, ƙanena, ya bugo waya daga kamfanin narka alminiyam:
"Torunn, in wuta ta ƙara tsada za su kashe tukwane biyu.
Mu ɗari da tamanin ne. Kin ji ko?"
Na ji.
Inna kuwa ba ta ce uffan ba,
safar ulu ta aiko mini, wadda ta wanke a Lomra,
har yau da ƙanshin dutse a jikinta.

Sau uku na yi lissafin,
ina tsoron kada zuciya ta sa hannu a sikeli.
Da maki biyu kacal ya tsira,
albarkacin wata ƙumba da ke lafe cikin tsakuwa,
wadda aka ce ta girmi kakata.
Na soka koren fil. Yatsana bai yi rawa ba.

Sai dai wutar da aka yi alkawari tana nan, ba ta ragu ba.
Jan fil bai koma gwangwani ba,
taƙi ɗaya ya matsa gabas
ya sauka a kan Sjura, kogin da ban taɓa shan ruwansa ba.

Bayan mako shida wasiƙa ta zo,
rubutun fensir, ya karkace kamar shingen da iska ta tura.
Ottar Brenna, shekara tamanin da ɗaya.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Tambaya ɗaya ya yi:
rufin rumfar tumakinsa yana yoyo,
ya gyara, ko kada ya ɓata katako?

Amsar tana cikin fayil na tara:
mita goma sha ɗaya sama da rufin.

Ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya shigo, haka hunturunmu yake.
Na ɗauki alƙalami, ban ga layin takarda ba.
Na miƙa hannu,
na kunna fitila.