Tsingaro

Randa uku suka fashe mini a matoya daren Laraba.
Ko wuta ce ta yi gaggawa,
ko yumɓun ne bai ƙoshi da ruwa ba.
Ina tsugune a Rumbukawa ina tsince asara
Luba ta dawo daga Dundaye, jakar littafi a kafaɗa.
Ta ɗauki tsingaro guda, ta hure masa toka,
ta ce, "Inna, da irin wannan aka taɓa korar manya."

Na ce, ɗiyar nan, yunwa ce ko boko?

Ta ce wani birni ne, Atina, kusa da teku,
ƙasar Girkawa, tun duniya na kwance.
Maza kan hau tudu su zauna bisa dutse,
maƙeri da matuƙin jirgi da mai gonar zaitun,
kowa da bakinsa.
In an ga wani ya fara fin rigarsa girma
sai kowa ya tsinci tsingaro
ya karce sunan wanda yake tsoro.
A zuba, a ƙirga.
Wanda sunansa ya yi tsibi,
kwana goma ya ɗaure kaya,
shekara goma ba shi ba gida.
Ba a taɓa gonarsa, ba a ga jininsa.
Tafi kawai, gari ya sha iska.

Na ajiye tsintsiya.
Shekara arba'in hannuna cikin laka,
ban san fasasshe na da wani aiki ba
in ban da ɗebo garwashi a maƙwabta
da ba 'yan tsaki ruwa.

Sai zuciya ta hau lissafi.
Wanda ya ba mu atamfa mai hoton fuskarsa,
ya rantse da famfo,
famfon da yau ƙadangaru ke shan hantsi a kansa.
Mai karɓar kuɗin rumfa, wanda takardarsa kullum ta ƙare.
Sai Ɗan Tanin mai robobi, da ya janye mini masu saye.
Shi bai cuci kowa ba,
amma wallahi hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Nan na tsorata da tsingaron,
na tsorata da kaina.

Luba ta ce har a gaban shari'a tulu ke tsare musu lokaci:
a huda gindinsa, a cika,
ruwa ya ƙare, magana ta ƙare.
Na ce a kai wa masu lasifika irinsa,
ni zan gina, ba na son ko sisi.

Muka yi dariya har tari ya kama ni.
Da ya lafa na ce,
to matan fa, wane gefe suke zama a tudun?

Ta dubi ƙasa.
"Mata ba sa hawa, Inna.
Bawa ba ya hawa.
Baƙo ma, ko furfura ta same shi a garin."

Wato wadda ta ɗebo ruwa da tulun,
wadda ya suɓuce mata ya fashe,
wadda ta share ɓaraguzan,
ita ce ba a tambaya.

Ta ce akwai saura.
Masu tono sun sami wasu a tsohuwar rijiya,
kusan ɗari biyu, suna ɗaya,
amma hannuwan da suka rubuta ba su kai ashirin ba.
Na ce ashe maguɗi ya girmi kakan kakana.

Aka kira magariba.
Luba ta shiga alwala.
Na zaɓi mafi santsi, ja kamar gauta,
na ɗauki ƙusa, don ina da ajamina.
Na daɗe riƙe da su
har sauro ya fara waƙa.

Ban rubuta ba.
Ban kuma jefar ba.
Yana nan ƙarƙashin gado, cikin kwalla,
kusa da katin zaɓena.