Ƙanzon Tukunya

Ni ne akawun da ke rubuta abin da aka faɗa.
Ba a neman ra'ayina, biro kawai nake ja.

Ran Talata ma'aji Zubairu ya buɗe fayil, ya yi gyaran murya:
"Tallafin da tarayya ta aiko bayan ambaliya,
an ci tuwon, ƙanzo ne ya saura,
miliyan talatin da ɗaya."
Kowane kansila ya gyara zama.
Ko fankar sama sai da ta rage kuka.

Ɗayyabu na Gyallesu ya ce magudana,
tun bara ruwan kwata ke kwana a zauren mutane.
Na Kufena ya ce rufin aji biyu,
yara na karatu, ido ɗaya a allo, ɗaya a kan hadari.
Hajiya Asabe ba ta ɗaga murya ba:
"A asibitin unguwarmu da fitilar waya ake karɓar haihuwa."
Na rubuta. Hannuna ya ɗan tsaya a kan waya.

Kwalbatin Dambo babu wanda ya ambata,
kansilanmu yana Kaduna wurin ɗaurin aure.
Nan Inna ke tattare zane ta tsallaka
da kwandon tumatir a ka.
Ran da rafi ya cika, sai ta juya gida,
tumatir ya ruɓe a gindin rumbu.
Maganar ta zo mini har maƙogwaro,
na haɗiye ta da ruwan leda.

Aka yi ta ja har la'asar,
fatar ba ta kai bakin ganga ba, kowa na jan gefensa.
Magudana takwas. Rufin aji biyar.
Sola a asibiti huɗu, bayan Hajiya ta tashi za ta fita.
Goma sha huɗun da suka rage
aka zuba wa layin ƙarshe, "sauran hidimomi",
layin da ba shi da unguwa, ba shi da ƙofar gida,
amma bai taɓa kwana da yunwa ba.

"An amince?" An amince. Aka shafa fatiha.

Kwafi goma sha huɗu aka ce in buga.
Injin ya yi tari, ya ba ni goma sha biyar.
Da magariba na tsaya wurin Tsalha mai shayi a Ƙofar Doka,
na roƙi ƙusa, na kafe ɗaya jikin katakon rumfarsa.

Da na biyo washegari
lissafin sama yana nan fes,
layin ƙarshe kuwa ya yi baƙi
da yatsun mutane.