Mai Turmin Nan

Ban taɓa zama a ajin jami'a ba.
Jarrabawa ta yi kyau, gero ne bai yi ba,
sai na tsaya a Gujungu,
a rumfar cajin Nafi'u,
da waya mai tsagaggen gilashi.

Iya Hansai na daka yaji tun ba a haife ni ba,
tana ƙulla shi a farar leda,
kamar ɗan da ba a yanka wa rago ba.
Na ce, "Iya, bari in raɗa masa suna."

Kwana uku ina zana turmi da babban yatsa.
Na farko ya fito kamar ganga.
Ta yi dariya har da hawaye,
ta ce, "Matse masa ƙugu, yaro."

Ja na aro daga barkono,
ruwan ɗorawa daga citta,
a ƙasa na rubuta: Ɗanɗana, ka tambayi hanya.

Yanzu direbobin Haɗeja in sun taka birki
ba sa cewa yaji,
sai "Miƙo mai turmin nan."

Jiya mai zuma ya zo, da mai man gyaɗa.
Ba wanda ya nemi takardata.
Kwalba suka dire a gabana,
suka gyara zama.