Hoton da Okabe Ya Bar Mini

A Kakuri, zamanin da injin saƙa bai san barci ba,
jiniya na kiran mutum dubu tun gari bai waye ba,
ina layi na huɗu, auduga a gashin ido,
Okabe, injiniyan Japan, na zagaye da sifana a aljihu.

Ran Asabar kuwa, a zauren ma'aikata,
in an jera benci, an rataya zanin gado ya zama labule,
ni ne Iya Tambai.
Ƙungiyarmu ba mace ko ɗaya,
sai namiji ya ɗaura zani, ya kafa ɗauri,
ya ranto murya daga bakin uwarsa.

Sunan ma ba nawa ba ne.
Malam Barau ya sa shi shekara goma sha ɗaya.
Da tari ya cinye masa ƙirji
ya miƙo mini gyale da tandun kwalli,
ya ce, “Jatau, kar ka yi mace ta 'yan dariya.
Je Kasuwar Litinin ka zauna.
Dubi mai daddawa, tana ƙirga canji da hannu ɗaya,
ɗayan na korar ƙuda.”

Wani dare Okabe ya zauna a bencin baya,
Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba.
Na yi Iya Tambai a tashar jirgin ƙasa,
soja na sauka, nata ɗan ba ya ciki.
Ban yi kuka ba.
Na dai gyara bakin zani sau uku.
Da aka tashi, na same shi yana goge tabarau.

Washegarin Lahadi ya zo da hoto a ambulan:
fuska fara fat, kamar an shafe ta da alli,
jan baki ɗan ɗigo, wuya a karkace,
tufa kan tufa kamar albasa.
Na ce, “Matarka?”
Ya yi dariya har ya dafa inji.

Ta bakin tafinta na ji sauran.
Namiji ne, ɗan wasan kabuki,
ya mutu tun ba a haifi kakan Okabe ba.
Yana shekara biyar ya taka dandali,
ya gaji sunan ubangidansa kamar yadda ake gadon gona.
Yana saba'in, gwiwa ta ƙi,
almajiransa biyu ke tallabo shi zuwa bakin labule,
amma da an buga katako, ƙwas,
sai budurwa ta fito, tana tafiya kamar ruwa a faranti.
Matan birni, in ji shi, a wurinsa suke koyon ɗamara.

Na riƙe hoton, hannu na rawa.
Ni da aka jefa da ɓawon lemo a Tudun Wada,
ni da surukina ya daina amsa mini gaisuwa,
ashe ina da ɗan'uwa a bayan teku,
ya riga ni sanin nauyin gyale.

Yau masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta tsiro a ofishin biya.
Okabe ya koma, wasiƙa biyu, sai tsit.
Mata na yin nasu wasan da fuskarsu, madalla,
sunan Iya Tambai kuwa ya rasa magaji,
yana cikin akwati tare da kwalli da ya bushe.

Jiya jikata Lantana ta tono hoton.
“Kaka, wace ce wannan?”
Ban amsa ba.
Na dafa bango na miƙe, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
na yafa gyalen Barau,
na taka daga bakin randa zuwa igiyar shanya,
taku bakwai,
na gyara bakin zanin da babu.

Ta yi shiru, tsinken tsire a hannu.
Can ta ce, “Sake.
A hankali, in gani.”